Ɗan Jirgin da Ke Kai Ƙugiya, Yaro Yana Tudu

Wannan jawabi wani mai gyaran rediyo ne na unguwar Gumani a Tamale ya yi shi a filinmu na dare. Mun buga shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

Ina gaida makiyaya da ke ruga a daren nan, Allah ya ba da lafiyar dukiya. Ina gaida fatake da direbobi da ke kan hanyar Paga, da na Bawku da Sinkanse, Allah ya sa a sauka lafiya.

Ni sana'ata gyaran rediyo da talbijin da fitilar sola. Ban gaji su ba, ban taɓa jefa birgi ba, ko iyo ban iya ba. Amma yau maganar kamun kifi ce ta kawo ni, sai ku yi haƙuri ku ji dalili.

Duk wanda ya san Tamale ya san ba mu da kogi a cikin gari. Ruwan famfon da muke sha ma daga Farin Volta ake jawo shi, can Nawuni, a tace a Dalun, sannan ya iso mana. Mai son kifi ɗanye sai ya nufi dam: Bontanga ta wajen Kumbungu, ko Golinga ta wajen Tolon, ko Libga kusa da Savelugu, ko kuma ƙananan tafkunan da aka haƙa a ƙauyuka. Manyan masunta suna da kwale-kwale. Yaran ƙauye kuwa ba su da komai sai ƙugiya da zare. To kifin kirki ba ya zama a bakin gaɓa inda shanu suka dama ruwa. Sai yaro ya tuɓe riga, ya ciji zaren a baki, ya yi iyo zuwa tsakiya ya saki ƙugiya, ya dawo. Safe da yamma haka.

Ɗana na uku yakan je hutu wurin kakarsa a wani ƙauye mai dam, can ya koyi wannan. Wata rana uwarsa ta kira ni ta ce, "Malam, zo ka ga fitsarin yaron nan." Na duba, jini ne a ƙarshen fitsarin. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce, "Haba, ai girma ne ya zo masa, mu ma duk mun yi." Na dai kai shi asibiti. Aka auna, aka ce tsargiya ce.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don na san a ruga da yawa akwai yara masu irin wannan fitsari, ana cewa balaga ce. Tsargiya tsutsa ce. 'Ya'yanta suna girma a jikin ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mai kwanciya, wurin ciyawa. In sun fito sai su yi ta yawo a ruwan, ido ba ya ganinsu. Mutum ya shiga, su huda fata su shige, ba sai ya sha ruwan ba. A jiki suke girma su yi ƙwai, ƙwan ya fito ta fitsari. Mai ciwon ya yi fitsari a dam, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya nemi katantanwa, abin ya sake zagayowa. In aka bar ta shekara da shekaru tana ɓata mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Bayan an gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya kwanta, ciwon nan ya yi yawa ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin Volta. Ku makiyaya ma kun san ɗan'uwansa, ciwon hanta na shanu, wanda shi ma ta jikin irin tasa katantanwar yake bi ya hau ciyawar fadama.

Maganinta ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ita ce ake raba wa yara a makarantu. An ba yarona, ya sha. Amma ma'aikaciyar asibitin ta ce mini, "Baba, maganin nan yana kashe wadda ke jiki ne kawai. Ya koma ruwan, ta dawo." Na hana shi zuwa dam. Ya ce to. Bayan sati biyu na ga wandonsa a jiƙe an ɓoye bayan randa. Nan na gane hani kaɗai ba zai yi ba, tunda tarwaɗar da yake kamawa ita ce miyar kakarsa, ita ce kuɗin littafinsa. Sai na zauna ina tunani: me ke shigar da shi ruwa? Kai ƙugiya tsakiya. To in an sami ɗan aike da zai kai, ba shike nan ba?

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1898 wani masanin lantarki mai suna Nikola Tesla ya nuna ɗan jirgin ruwa a birnin New York, yana tuƙa shi daga nesa ba tare da waya ba. A Ingila yau masu fatsa suna sayen irin waɗannan jirage, su loda musu ƙoto su aika tsakiyar tafki. Nasu tsada gare shi, da injin gano kifi da komai. Namu na Gumani da kayan kasuwar Aboabo da tarkacen shago aka haɗa shi.

Na farko da na yi, kunya na sha. Na ɗauki jarka guda ta lita biyar, na ɗaura mata batirin babur a bisa, na cire rimot daga motar wasan yara. Muka je dam, yara sun taru. Ina ajiye shi a ruwa ya kife, batir ƙasa, jarka sama. Na gyara, na sa batirin a ciki. Ya tafi kamar abin arziki, taku ashirin, taku talatin, sai rimot ya daina kai masa. Iska ta ɗauke shi tana tafiya da shi. Kafin in waiga, yaron nan ya cire riga zai faɗa ruwa ya kamo. Wallahi jikina ya yi sanyi. Abin da na ƙera don in hana shi shiga ruwa, shi ne zai shigar da shi wuri mai zurfin da bai taɓa kaiwa ba. Na riƙe hannunsa, muka tsaya muna kallon jirgin har ya maƙale a ciyawa can ƙetare.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ya kawo shanu mashaya, yana tsaye dafe da sanda yana kallonmu. Ya ce, "Malam, maraƙin da bai san ka ba, kana sakinsa babu igiya?" Na ce, "Baffa, ka yi gaskiya." Daga ranar duk jirgin da na haɗa da igiya a hancinsa. Ku riƙe wannan kafin komai: zaren nailan mai ƙarfi, a ɗaure a gaban jirgi, ɗaya bakin a turke a tudu. Batir ya mutu, rimot ya ƙi, farfela ta cije, sai a jawo. Ba wanda zai bi shi cikin ruwa.

To yanzu ga yadda ake haɗawa. Mai biro ya rubuta.

Gangar jiki. Ka sami fayif ɗin roba na inci huɗu, irin na magudanar ruwa, ka yanka biyu, kowane santimita 80. Ka toshe bakunan da murfinsu da gam ɗin fayif, kada iska ta fita. Ka jera su, tsakaninsu kamar santimita 30, ka ɗora falankin katako marar nauyi a bisa ka ɗaure tamau. Fayif biyu a jere ba ya kifewa kamar jarka guda. Ga lissafin: lita ɗaya ta iska tana ɗaukar kilo ɗaya a kan ruwa. Kowane fayif yana cin lita 6 da 'yan kai, biyun lita 12 da rabi. Amma in ka loda kilo 12 ya nutse ke nan har baki. Rabi ake so. Jirgi da batir da komai kada ya wuce kilo 6. Masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora suna iyo da ita, wannan lissafin suke aiki da shi tun kaka da kakanni, ko da ba su rubuta ba.

Moto, wato ɗan injin da ke juyawa da batir. Biyu ake so, ɗaya a bayan kowane fayif. Wanda ya fi sauƙi shi ne na ƙaramin famfo mai volt 12 da ake tsomawa a ruwa, irin wanda masu kayan sola ke sayarwa. An riga an yi shi don zama cikin ruwa, ba ruwanka da toshe ƙofa. Ka cire murfin ƙasa da fukafukin ciki, ka sa farfela a sandar. In ka ga jirgi yana ja da baya, ka juya wayoyin biyu, shike nan. Ba a bukatar sitiyari. Ka kunna duka biyu, ya tafi sak. Ka kunna na hagu kaɗai, ya karkata dama. Na dama kaɗai, ya karkata hagu. Sai ka kewaye kowace farfela da ragar waya, saboda kainuwa da gansakuka da saiwar bado su ne manyan abokan gabarta.

Batir. Na babur mai volt 12 ya isa, kuma a Tamale ai babur ya fi kaza yawa. Wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa ya ɗan haura kilo biyu. In kowane moto yana cin amfiya 2, biyun 4 ke nan, a takarda zai yi awa ɗaya da minti 45. Amma irin wannan batir in ana zuƙe shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Ka tsaya a rabi, wajen minti 50. Zuwa da dawowa na mita 80 bai fi minti uku ko huɗu ba, ka ga za ka yi sawu goma da ɗoriya. Farantin solar da kuke cajin waya da shi a ruga, in mai volt 12 ne da na'urar daidaita caji, zai cika shi. Ka sa fiyus na amfiya 10 dab da kan batir. In farfela ta cije, fiyus ne zai ƙone maimakon moto. Batir ya zauna a tsakiya, ƙasa-ƙasa, a ɗaure. Wasu samari suna fasa tsohon batirin kwamfuta su ciro 'ya'yan ciki su haɗa uku. Ya fi sauƙin nauyi, gaskiya ne, amma in ya sha rana ko aka caje shi ba bisa ƙa'ida ba, wuta yake kamawa, kuma bukkar ciyawa ba ta jiran a ɗebo ruwa. Wanda bai ƙware ba ya bar shi.

Rimot. Iri uku na gwada. Na motar wasan yara, tsohon yayi mai lamba 27 ko 40, shi ne ya ba ni kunya. Na biyu shi ne mai maɓalli huɗu da ake buɗe ƙofar gida ko kunna fitila da shi, an rubuta 433 a jikinsa, yana zuwa da allonsa mai rile, wato makunnin da ke kunna kansa in saƙo ya iso. Kai tsaye yake aiki da volt 12. Shi nake ba da shawara. A fili, ni dai ya kai mini mita 70 zuwa 80, ko da yake abin da ke rubuce a kwali ya fi haka. Abu biyu game da shi. Ɗaya, ka saita shi yadda moto zai yi aiki muddin yatsanka na kan maɓalli, ka ɗaga ya tsaya. In ka bar shi a saitin danna-sau-ɗaya-ya-ci-gaba, ranar da saƙo ya yanke jirgi zai yi ta tafiya abinsa. Biyu, 'yar wayar eriyarsa tsawonta wajen santimita 17 ne, an auna ta ne da gangan. Kada ka yanke, kada ka naɗe. Ka miƙar da ita sama cikin tsinken roba, domin ruwa yana shanye saƙon rediyo. Na uku shi ne mai 2.4G na masu wasan jirage, yana kai mita ɗaruruwa, amma kuɗinsa da kayan haɗinsa sun fi ƙarfin yaron ƙauye.

Allon rimot da fiyus ka sa su cikin robar abinci mai murfi, ka huda ƙofa ɗaya ta wayoyi, ka toshe da silikon. Ruwa ɗigo ɗaya ya ishe shi lalacewa.

Sai wurin sakin ƙugiya. A nan ban sa wani inji ba. Na kafa sanda mai tsawon kamu ɗaya a bayan jirgi, ta zarce farfela, na ɗaura mata ɗan maƙalin da mata ke maƙale wanki da shi a igiyar shanya. Zaren fatsa ake maƙalewa a bakinsa, ƙugiya uku zuwa biyar da tana ko gara a jiki, da dalma, da kwalbar roba ta alama. Sauran zaren yana naɗe a gwangwani a hannun yaro, yana warwarewa. Jirgi ya kai inda ake so, yaro ya fizga sau ɗaya, maƙali ya saki, ƙugiya ta nutse. Mai son ya watsa dusa don tara karfasa, ya rataya ƙaramin gwangwani a jikin sandar yadda fizgar za ta tuntsurar da shi. Daga nan a juyo da jirgi, ana naɗe igiyar hanci a hankali, kada ta haɗu da zaren fatsa. Mutum biyu sun fi: ɗaya rimot da igiya, ɗaya zare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je dam, ka gwada a baho ko kwatami. Ka bar shi a ruwa awa guda, ka ɗaga ka girgiza fayif, ka ji ko ruwa ya shiga. Ka ba yaro rimot ya yi ta ja da baya yana dannawa, kana ƙirga taku har inda moto ya daina amsawa. Igiyarka kada ta kai wannan tsawon.

Yanzu abin da jirgin nan ba zai yi ba, don kada wani ya ce na ruɗe shi. Ba ya jawo kifi, hannu ne ke jawowa. Tarwaɗa mai kilo biyu ta isa ta ja shi cikin ciyawa, balle giwan ruwa. Na ruwa mai kwanciya ne. Kada a kai shi kogi a Nawuni ko Yapei, musamman watan Agusta da Satumba lokacin da ake sakin ruwan dam ɗin Bagre daga Burkina Faso, Farin Volta ya cika ya batse. In hunturu ya buso da ƙarfi, a bari sai da sassafe ko iska ta faɗa. Kuma bai raba yaro da ruwa ɗari bisa ɗari ba, tunda zai taɓa jiƙaƙƙen zare, zai tsaya a gaɓa. A sa masa takalmin roba mai tsawo, ya tsaya a busasshen wuri, ya goge hannu. Amma tsakanin mai taɓa zare da mai iyo cikin ciyawa sau biyu a rana akwai nisa. Ga kuma nutsewa, ga kada. Kadojin Paga da baƙi ke ɗaukar hoto da su sun saba da mutane, na sauran tafkuna ba wanda ya yi alkawari da su.

Makiyaya, ga taku. Dattijon nan da ya ba ni shawarar igiya, shi ne kuma ya nuna mini tabo a leɓen wata saniyarsa. Ƙugiya ce da wani ya bari a mashaya. Irin wannan ke haddasa faɗa tsakanin masu dabba da masu kifi, alhali ruwan na kowa ne. Don haka mai jirgi ya nisanci mashaya, ya ƙirga ƙugiyoyinsa da zuwa da tashi, guntun zare kada ya bari a ƙasa. Batir in ya mutu kada a jefa a dam, dalma da ruwan batir guba ne ga mutum da dabba, masu sayen tsohon batir suna nan. Kafin a fara, a je a gaida sarkin gari da shugaban masuntan wurin, a nuna musu abin, a tambayi inda suka kafa tarunsu. Wasu tafkunan suna da ranakun da ba a su, wasu na shan ruwa ne kawai. Baƙo ya bi dokar masu gari. Dokar Ghana kuma ta hana kamun kifi da guba ko da nakiya, kada wani ya ce zai yi dabara ya aika irin wannan da jirgi.

Fatake, ga taku. Duk kayan nan ta hannunku suke shigowa: famfon volt 12, rimot mai rile, fiyus, silikon, zaren nailan. In za ku saro, ku sa a gwada muku rimot a gabanku, a fita waje a ja da nisa. Sannan ku lura da zamanin da muke ciki. Kowa ya san halin tsaro a Burkina, kuma jami'an kan iyaka in sun buɗe jaka suka ga rimot da batir da wayoyi a dunƙule, ba kifi ne zai fara zuwa ransu ba. Kada ku ɓoye a ƙarƙashin buhu. Ku bar kaya a kwalinsu, ku riƙe rasit, ku faɗa da bakinku kafin a tambaya. Mai ɗauke da jirgin da aka gama haɗawa ya ɗora shi a fili inda kowa zai gani. Kuma kada wanda ba ku sani ba ya ba ku saƙon irin waɗannan kaya ku ƙetare masa da su.

Masu bin hanyar Bolga kuna wuce Diare, gaba da Savelugu. A can aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Ghana a 2010, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015 cewa ƙasar ta rabu da shi. Manyanmu sun tuna lokacin da kurkunu ke kwantar da gari guda a tsakiyar damina. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da maganin da ake zubawa a tafki, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwa aka kore shi. Tsargiya ma sai an haɗa: a sha magani, a daina fitsari a dam, a rage shiga ruwa. Ɗan jirgin nan na ukun kawai yake taimakawa.

Yarona an sake auna shi bayan wata shida, ba a ga komai ba, alhamdu lillahi. Yanzu shi ke riƙe ƙarfen narka dalma a shago, na huɗu da muka haɗa da hannunsa ya yi shi. Kakarsa kuwa da farko cewa ta yi wasan yara ne na ɓata batir a kai. Ranar da aka kai mata tarwaɗa uku wandon jikanta a bushe, sai ta ce a yi wa 'ya'yan maƙwabta ma.

Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, gobe ya kai shi asibiti, kada ya jira jirgi. Wanda kuma wani abu ya shige masa duhu a bayanin nan, ya aiko da tambaya gidan rediyo, za su isar mini, in amsa a fili na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana yaranmu da dukiyarmu, ya kai matafiya gida lafiya.